3.2 Tsirran Ado Masu Adana Ruwa da Sunayensu na Hausa

A wannan sashe za a dubi tsirran ado da ake shukawa a ƙofar masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai, da kuma gidajen Zawaciki a Ƙaramar Hukumar Kumbotso. Jama'a sukan ɗauka cewa dukkansu baƙi ne. Haka abin yake game da bogenbiliya, wato furen nan mai yaɗo da ƙaya da ke lulluɓe katanga, domin asalinsa Kudancin Amurka ne. Masanin tsirrai Philibert Commerson ne ya tsinto shi a Burazil a shekarun 1760.

Sai dai wasu 'yan gida ne tun kaka da kakanni. Kariya, wadda masana ke kira Adenium obesum, takan tara ruwa a kaurin gindinta, shi ya sa take fure da rani bayan ta kakkaɓe ganye. Zabuwa, daga dangin Aloe, a ganye take ajiye nata ruwan. Da moɗa ake tufka igiya da tsarkiyar baka, aguwa kuwa da ita ake shingen gona.

Muhimmancin sunayen ya wuce na harshe kawai. Bahaushen da ya san kariya da tinya ya san ƙaronsu dafi ne da ake shafa wa kibiya, kuma na tinya yana lahanta ido. Wanda ya saye su da sunan "fulawa" kurum ba shi da wannan sani, sai ya ajiye su inda yara ke wasa. Ke nan, idan sunan ya ɓace, gargaɗin da ke tattare da shi ma ya ɓace.