Kafin ka sayi fitila, ka san wace kawa ce a tankinka

Idan ka taɓa ganin tankin gilashi na ruwan gishiri da ake kiwon murjani, wataƙila ka lura da wata dabba mai ɓawo biyu, namanta shuɗi ko kore ya leƙo waje kamar mayafi. Wannan ita ce ƙatuwar kawa ta jinsin Tridacna, 'yar tekun Indiya da Pasifik. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, fitilar da ke saman tankin ita ce kwanon abincinta.

A cikin wannan nama akwai ƙananan halittu dangin gansakuka, waɗanda ido ba ya gani. Su ne ke amfani da haske su haɗa sukari, kawar ta ci, ita kuma ta ba su masauki. Haske ya yi kaɗan, sai ta fara ramewa a hankali, wani lokaci wata da watanni kafin ka ankara. Shi ya sa na fi ganin a fara gane nau'in kawar, sannan a je wajen fitila.

Kar launi ya ruɗe ka, domin nau'i ɗaya yana zuwa da launuka iri-iri. Ɓawon za ka duba. Squamosa tana da manyan ɓawo-ɓawo masu fitowa kamar farce, da tazara a tsakaninsu. Derasa kuwa ɓawonta kusan sumul yake, tana iya kai santimita 60, don haka ka tanadar mata wuri. Waɗannan biyun suna jure matsakaicin haske, ana iya ajiye su a kan yashi a ƙasan tanki.

Inda ake yawan kuskure shi ne tsakanin maxima da crocea. Maxima doguwa ce, gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo, da ƙananan farata a jere kusa da juna. Crocea ita ce ƙaramarsu, ba ta cika wuce santimita 15 ba, ɓawonta ya goge saboda a teku dutse take haƙa ta shige ciki. Juya ta ka ga ƙasanta: akwai babbar kafa inda zaren da take manne wa dutse da shi ke fitowa. Dukansu mazauna ruwa mara zurfi ne, inda rana ke dukansu kai tsaye, crocea ce ma ta fi kowa yunwar haske. Su a kan dutse ake ɗora su, can sama.

To wace fitila? LED, T5 da metal halide duk suna aiki. Adadin wat ɗin da ke jikin kwali ba zai gaya maka komai ba. Abin aunawa shi ne PAR, wato hasken da ya isa daidai inda kawar take. Masu kiwo sukan nemi sama da 200 ga maxima da crocea. Kuma idonka ba ma'auni ba ne, domin shuɗin haske yakan yi mana kamar duhu alhali ƙarfinsa na nan.

Sabuwar kawa kar ka jefa ta ƙarƙashin cikakken haske rana ɗaya, ƙara shi sannu a hankali cikin 'yan makonni. A shago kuma, ka gifta hannunka ta samanta. Lafiyayya tana da ƙananan idanu a gefen namanta, da ganin inuwa za ta ja jiki nan take. Wadda ta hangame ba motsi, bar ta.