Maƙoshin inji: abin da ya kamata mai tsohuwar mota ya sani

Yawancin motocin da ke ɗaukar iyalanmu sun sha tafiya a Turai kafin a sauke su a tashar jiragen ruwa ta Kwatanu, su biyo ta Gaya su shigo Nijar. Bayan ƴan shekaru sai mota ta fara kasala: ta ƙi hawan tudu, shan mai ya ƙaru, hayaƙi ya yi baƙi. Nan da nan a ce inji ya mutu, a shiga neman kuɗin sauke shi. Alhali sau da yawa numfashi ne kawai ya toshe.

Inji yana shaƙar iska fiye da yadda ake zato. Kafin ya ƙone lita 1 ta esansi, sai ya ja iska kusan lita 9.000. Wannan iska, bayan ta ratsa matata, tana shiga wani bututu mai rassa da ke raba ta ga kowace silinda. Shi makanikai ke kira kolekter, kuma shi ne maƙoshin inji.

Abu biyu ke cutar da shi. Na farko dauɗa. A injin gazuwal na zamani, irin na Toyota Hilux, akwai wata ƴar ƙofa mai suna EGR da ke maido wani ɓangare na hayaƙi cikin bututun domin rage gurɓata iska. Kunkunniyar hayaƙin takan haɗu da tururin baƙin mai, su zama kwalta mai danƙo, hanyar iska ta yi ta ƙuntata. Gajerun tafiye-tafiye cikin gari da jinkirin bidanji suna hanzarta wannan.

Na biyu tsagewa. Tsakanin bututun da kan inji akwai shimfiɗa siririya da ake kira juwan. Idan zafi ya busar da ita, iska kan kutsa ta gefe, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Alamarsa a motar esansi: ƙarar shewa, da inji mai hawa da sauka idan mota na tsaye. Iskar da ta shiga ta nan ba ta bi matata ba, don haka ƙurar hunturu takan wuce kai tsaye ta riƙa cin fistan da silinda.

Idan za a yi gyara, maigida ya tsaya ya ga an bi waɗannan ƙa'idoji. A bari inji ya huce, a cire kan batir. A kwance bututun gaba ɗaya, a toshe ramukan kan inji da tsumma mai tsabta, domin noti guda da ya faɗa ciki yana iya kashe inji. A jiƙa bututun, a kankare, a wanke, sannan a bar shi ya bushe sarai, saboda injin gazuwal kan kama da ragowar man wanki ya yi gudun da ba a umarce shi ba. Kada a yarda a babbake dauɗar da wuta: na roba narkewa yake, na alminiyom kuma ya lanƙwashe. A sa sabon juwan, a ɗaure notoci daga tsakiya zuwa gefe, kaɗan-kaɗan. Maida tsohon juwan da gam ba tattali ba ne, aiki biyu ne.

Daga Yamai zuwa Damagaram kusan kilomita 900 ne, kuma mota ba ta zaɓen inda za ta tsaya. Kafin a ɗebo mata da yara a kama irin wannan hanya, a duba matatar iska, a saurari muryar inji. Allah ya kiyaye hanya.