Silin auduga da cutar yaushi

Ƴan'uwa manoma, mun san mai sayen auduga yakan duba tsawon sili da ƙwarinsa kafin ya yanka kuɗi. Bari mu ga yadda silin yake girma, da cutar da take tauye shi.

Yadda sili yake girma

Masana sun duba auduga da madubi mai girmama ƙananan abubuwa. Sun gano cewa kowane sili ƙwayar halitta ce guda ɗaya tak, wadda take tsirowa a jikin gurya. Tana fara fitowa ranar da fure ya buɗe. Cikin kwana 20 zuwa 25 tana miƙewa har ta kai wajen santimita 3. Ruwan da yake cika ta shi ne yake tura ta gaba. Daga nan sai ta daina tsawo, ta shiga yin kauri, har ƙwallon ya fashe wajen kwana 50 bayan fure. Idan shuka ta rasa ruwa da farko, sili zai gajarta. Idan ta rasa daga baya, ba zai yi ƙwari ba.

Cutar yaushi

Wata irin funfuna ce mai zama cikin ƙasa take kawo ta. Wani masani, George Atkinson, ya bayyana ta a 1892 a jihar Alabama ta Amurka. Ana kiran ta Fuzariyom. Tana shiga ta saiwa, ta toshe jijiyoyin da ruwa yake bi. Sai ganye ya yi rawaya, ya yi yaushi, ya zube, ko da ƙasa tana da laima. Idan muka tsaga karan, za mu ga cikinsa ya yi duhu. Funfunar tana daɗewa shekaru a gona, kuma feshin maganin ƙwari ba ya kashe ta.

A 2015 masanan Sin da Amurka suka karanta tsarin gadon auduga. Wannan yana taimaka masu wajen zaɓo iri mai dogon sili, mai jure cutar.

Abin da za mu yi

Ko a Gaya muke noma ko a kwarin Majiya, mu kiyaye waɗannan:

1. Mu shuka ingantaccen iri. Kada mu ajiye gurya daga gonar da ta kamu, domin cutar tana bin iri.
2. Mu tuge shukar da ta yi yaushi, mu ƙone ta.
3. Mu kankare ƙasar da ta manne wa hauya da garma kafin mu shiga wata gona.
4. Gonar da ta kamu, mu shuka mata gero ko dawa shekaru a jere. Banda kuɓewa, domin ita ma tana kamuwa.

Duk wanda ya ga audugarsa tana yaushi alhali ana ruwan sama, ya tsaga kara ɗaya, ya kai wa malamin gona tun cutar ba ta game gonar ba.