Yadda Ɗalibi Zai Shirya wa Jarrabawar Shiga Lise Mai Zaman Kanta

A Nijar ɗalibi yana yin shekara 4 a kwaleji, ya zana jarrabawar BEPC, sannan ya wuce lise ya yi shekara 3 kafin BAC. Iyaye a ƙaramar hukumar Roumbou da ke son tura ɗansu lise mai zaman kanta a birni irin Maradi su sani cewa wasu makarantun sukan gwada ɗalibi kafin su ɗauke shi.

Me ake dubawa? Galibi Faransanci da lissafi, sai makin da yaro ya samu a ajin ƙarshe na kwaleji. Wannan makin ne kuma ke nuna ko sashen adabi ya dace da shi, ko na kimiyya.

Babban hutu yana faɗawa cikin damina, lokacin noma, don haka a ware wa yaro awa 2 kullum don karatu. Ya bi tsoffin tambayoyin BEPC yana duba agogo, ya riƙa rubutu da Faransanci wani malami yana gyara masa.

A tanadi takardar haihuwa da takardun sakamako tun da wuri. Iyaye, kafin ku biya ko dala, ku tabbatar makarantar tana da izinin gwamnati, ku kuma san gidan da yaronku zai sauka.