Ziyarata Zuwa Gidan Makama a Birnin Kano

A dogon hutun da ya wuce mahaifina ya ba ni izini in je Kano wurin kawuna in yi mako biyu. Ni mutumin wani ƙauye ne kusa da Funtuwa, ban kuwa taɓa taka birnin Kano ba sai a wannan karo. Tun muna cikin mota na gama tsara wuraren da nake so in gani, watau Kantin Kwari, da gidan namun daji, da filin jirgin sama. Gidan tarihi bai ko faɗo mini a rai ba. In faɗa muku gaskiya, a da ina tsammani gidan tarihi wuri ne da ake jibge tarkacen da suka gama amfani, don Turawa masu yawon buɗe ido su zo su ɗauki hoto.

Abin da ya kai ni shi ne malaminmu na tarihi ya ce kowa ya komo daga hutu da labarin wani wuri da ya gani da idonsa. Da na gaya wa Kawu, sai ya yi dariya ya ce, "Kai yaro, ka tona mini asiri. Shekarata goma sha takwas a garin nan, kullum ina wucewa ta ƙofar Gidan Makama, amma ban taɓa leƙawa ba. Gobe in Allah ya kai mu sai mu tafi tare."

Gidan Makama yana tsakiyar birni, daura da fadar Sarkin Kano. Masana tarihi sun ce an fara gina shi ne a ƙarni na 15 domin Muhammadu Rumfa, tun yana riƙe da sarautar Makama, kafin ya zama sarki. Rumfa ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ne kuwa ya gina fadar da ake kira Gidan Rumfa, ya kafa kasuwar Kurmi, ya kuma faɗaɗa ganuwa. A zamaninsa ne Shehu Magili ya zo Kano har ya rubuta masa littafi a kan yadda ya kamata sarki ya riƙe jama'a. Bayan da Turawa suka ci Kano a 1903 sun zauna a wannan gida na ɗan lokaci, suka mai da shi ofis. Daga baya aka yi makaranta a wani sashe, wani sashen kuma ya zama gidan tarihi a ƙarƙashin hukumar kula da kayan tarihi ta Nijeriya.

Muka biya ɗan kuɗin shiga, aka haɗa mu da wani ma'aikaci, dattijo mai haƙuri, ya shige gaba muna biye. Ɗakunan nuni goma sha ɗaya ne. Amma tun a zaure na tsaya cak, domin a waje rana ta take, gumi na zuba, ina sa ƙafa ciki kuwa sai na ji sanyi kamar an zuba mini ruwan randa. Na ɗaga kai ina neman na'urar sanyaya ɗaki, ban ga ko ɗaya ba. Dattijon ya lura da ni, ya ce, "Samari, abin da kake nema yana cikin bango."

To, a nan zan ɗan daɗe, don a ganina gidan da kansa ya fi duk abin da aka ajiye a cikinsa ban sha'awa. Da tubali aka gina shi. Tubali ƙasa ce ake kwaɓawa da ciyawa, a dunƙule ta da hannu, gindi da faɗi kai da tsini, a shanya a rana ta bushe, sa'an nan a jera a cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Gindin bango yakan yi kauri ƙwarai, yana tashi yana sirancewa. Wannan kauri shi ne asirin sanyin. Zafin rana yakan ɗauki wuni guda yana ratsa bangon, kafin ya iso ciki dare ya yi. Da dare kuma, musamman lokacin hunturu, sai bangon ya riƙa sakin ɗumin da ya tara. Ku gwada wannan da ɗakin kwananmu na bulo da kwano, wanda da azahar ba ya shiguwa!

Rufin kuma na azara ne, watau itacen giginya da aka tsaga. An zaɓe ta ne don gara ba ta cika cinta ba. Sai dai azara tana da iyaka: in an shimfiɗa ta ta wuce kimanin mita biyu ba abin da ya tokare ta, nauyin ƙasar rufi zai lanƙwasa ta. To, yaya aka yi magina suka rufe manyan soraye ba ginshiƙi a tsakiya? Dabararsu ita ce baka. Sukan dasa azara cikin bango daga ɓangarori biyu, su ɗaura wata a kan wata da igiya, kowace ta ɗan ƙara leƙowa ciki, har su haɗu a sama, kana a lulluɓe su da ƙasa. In bakuna suka gitta juna a tsakiyar ɗaki, shi ne ake kira ɗaurin guga. Na tsaya ƙarƙashin irin wannan rufi har wuyana ya gaji. Mutanen da suka yi shi ba su zauna ajin lissafi ba, amma sun san inda nauyi yake sauka.

Babban abokin gabar ginin ƙasa ruwa ne, saboda haka ake shafe bango da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, a kuma sa indararo ya kai ruwan rufi nesa da bango. Duk da haka sai an riƙa yaɓe da gyara. Da na ji wannan sai na tambaya, "Malam, ashe ke nan ba ainihin ƙasar da aka gina wa Rumfa muke gani ba?" Ya ce ai ginin ƙasa kamar gona yake, kowane zamani da hannun da ya taɓa shi, wurin da fasalin su ne na da. Wannan amsa ta gamshe ni, ko da yake Kawu ya ɗan ji kamar an rage masa wani abu.

Daga nan muka iso ga tsofaffin ƙyamaren Ƙofar Kabuga da taswirar ganuwa. An fara ganuwar Kano a zamanin Sarki Gijimasu, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, sarakunan baya suka yi ta ƙari. A da, kowace ƙofa tana da Sarkin Ƙofa, in magariba ta yi akan rufe, wanda ya makara sai ya kwana a waje. Ta wajen Kabuga ne sojojin Ingila suka shiga birni ran 3 ga Fabrairu, 1903, a ƙarƙashin Kanar Morland, lokacin Sarki Alu ya tafi Sakkwato. Daga baya aka kama Alu aka kai shi Lakwaja, inda ya rasu a 1926, Turawa kuwa suka naɗa Muhammadu Abbas. Na sha karanta wannan labari don jarrabawa, na kuma sha mantawa. Amma da na tsaya gaban ƙyauren na ga kaurinsa, na tuna akwai mutanen da suka tsaya bayansa ran nan da kibau da takubba suna jin ƙarar igwa, sai jikina ya yi sanyi. Ban ƙara manta wannan rana ba. Abin takaici, da muka fita Kawu ya zaga da ni ta gefen ganuwar, sai na ga wurare da yawa ta zube, wani wurin an ɗebe ƙasarta, wani wurin an yi gini a kai.

Ɗakunan da ke biye na tarihin sarauta ne, tun daga Barbushe da Tsumburbura a Dutsen Dala, da zuwan Bagauda wajen shekara ta 999, da jihadi, da Ibrahim Dabo wanda ya hau a 1819, da yaƙin basasar da ya ɓarke a 1893, har zuwa zamanin Turawa da 'yan siyasa. Yawancinsu hotuna ne da bayani. Ba zan ɓoye muku ba, na bi su da sauri, don ciki ya fara kiran ciroma. Haka kuma ɗakin kayan kiɗa, inda Kawu ya fi daɗewa yana nuna mini abin da ya sani.

Ɗakin sana'o'i shi ne ya kama ni, ba kuwa don na ga baƙon abu ba. Akwai kayan noma, da saƙe-saƙe, da tufafin gargajiya. Dattijon ya bayyana mana hanyar da auduga take bi kafin ta zama riga. Mata su ne da farkon aikin: su gurje ta a kan dutse da ɗan ƙarfe don fid da angurya, su shiɓe ta da baka ta yi laushi, sa'an nan su kaɗa ta da mazari, suna shafa alli a yatsa don zaren ya yi santsi. Daga nan sai masaƙa, su saƙa ƙyallaye sirara a ɗinke su. Sai marina, irin su marinar Ƙofar Mata, inda ake tsoma tufa cikin ruwan baba da toka. Sai mabuga, su buge ta har ta yi ƙyalli. Ya ce wannan sana'a ce ta ɗaukaka Kano, domin Bajamushen nan Barth, da ya zo a 1851, ya rubuta cewa tufafin Kano suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Watau dai arzikin da ya riƙe fada da ganuwa da kasuwa, a hannun tsofaffin mata masu kaɗi ya faro.

Yana magana ni kuwa kunya tana rufe ni. Ga dalili. Bara da za a yi wa ɗakin kakata daɓen siminti, ni aka sa fid da kaya. Na tarar da wani tsohon kwando a ƙarƙashin gado, cikinsa da mazari biyu, da bakan shiɓa, da dutsen gurza. Kaka ta ce in bar mata, na uwarta ne. Na yi mata dariya na ce wa ke kaɗi a zamanin atamfa, na faki idonta na kai juji. Ga shi yau na shiga mota tun daga Funtuwa, na biya kuɗi, ina sauraron bayanin abin da na zubar da hannuna. Da muka shiga ɗaki na ƙarshe, inda aka shirya ɗakin amarya irin na da da jerensa, sai na ga kusan rabin kayan na san irinsu a gidanmu, wasu an sayar wa 'yan gwangwan, wasu kaji na shan ruwa a ciki.

Ga wanda zai je, shawarata ita ce ya je da safe, ya tafi da littafi da fensir, kada kuma ya ji nauyin tambaya, don ma'aikatan sun san abubuwa da yawa da ba a rubuta a jikin bango ba. In da hali ya tafi da wani tsoho daga gida. Na tabbata da Kaka na je da ita, da ita za ta riƙa yi wa dattijon nan gyara.

Ran da na koma gida, ko jakata ban ajiye ba na nufi juji. Mazaran da bakan sun tafi, an kwashe taki an kai gona tun kafin damina. Dutsen gurza kaɗai na samu, wani yaro ya tsince shi an tokare ƙofar akurki da shi. Na wanke na kai mata. Ta juya shi a hannu ta daɗe ba ta ce kome ba, kana ta dube ni ta ce, "Maigida, sai da Kanawa suka karɓi kuɗinka sa'an nan ka yarda da maganata?" Ta yi alkawari za ta koya wa ƙannena mata kaɗi, ni kuma ta nuna mini gurza, in dai na samo mata mazari. Na zaga kasuwa sau biyu ban samu ba tukuna, amma wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta ce in komo mako mai zuwa, za ta duba mini a ɗakinta.