Ranar da Harshen Imam Gazali Ya Ƙi Motsi

Yau Bagadaza za mu leƙa, shekarar 1095, makarantar Nizamiyya.

Mai riƙe da kujerar karatu a can shi ne Imam Abu Hamid al-Gazali, haifaffen Ɗus a ƙasar Iran ta yau. Waziri Nizamul Mulk ne ya ɗora shi a 1091. Ɗalibai kusan 300 ke zama a gabansa.

To, a tsakiyar wannan ɗaukaka ne ya tambayi kansa: karatun nan da nake bayarwa, don wa nake yin sa? Kowane malami ya san amsar da baki ke bayarwa: don Allah. Shi kuwa bai karɓi amsar baki ba. Ya tona, ya ƙara tonawa, sai ya tarar da son suna da son girma kwance a ƙasa. Shi da kansa ya ba da wannan labari a littafinsa Al-Munƙiz minad Dalal, kuma wannan gaskiyar tasa ce ta sa nake ganin girman bawan Allahn nan.

Ku saurari abin da ya biyo baya. Wata shida yana jayayya da ransa. Da safe ya ƙudura zai bar komai, kafin yamma ya fasa. Rannan ya zauna zai ba da karatu, harshe ya ƙi. Mutumin da duk Bagadaza ke tururuwar jin bakinsa, ko kalma ɗaya ta gagara! Abinci ma ya daina zama masa. Likitoci suka duba, suka ce ciwon nan daga zuciya ya taso, maganinsu ba zai kai can ba.

Sai ya bar wa ƙaninsa Ahmad kujerar, ya nuna kamar Makka ya nufa, ya wuce Dimashƙu. A can yakan hau hasumiyar masallacin Banu Umayya, ya kulle ƙofa, ya wuni shi kaɗai yana halwa, yana yi wa ransa hisabi.

Daga shekarun wannan halwa ne Ihya'u Ulumiddin ya fito, wanda malamanmu ke karantarwa a zaure har yau. Ya koma koyarwa a Naishabur a 1106, ya rasu a Ɗus a 1111.