Renon 'yan tsaki a hunturu: yadda za ka ba su ɗumi ba tare da gawayi ya cinye ribar ba



Duk wanda zai sa 'yan tsaki tsakanin Disamba da Janairu a nan yankinmu na Kademi, ko Gaya, ko Ajingi, akwai wani kashe kuɗi da ba kasafai yake shiga lissafinsa na farko ba, wato kuɗin ɗumi. Mutum zai rubuta kuɗin tsaki, ya rubuta na abinci da na rigakafi, amma gawayi sai ya ce "wannan ai ƙaramin abu ne." Sai buhu ya ƙare a tsakiyar sati na biyu, aljihu ya yi sanyi, shi ke nan sai a fara yi wa kajin rowar wuta.

To rowar nan ba ta kuɓutar da kuɗi. Ɗan tsako ba ya iya riƙe zafin jikinsa da kansa sai ya kai wajen sati biyu. Idan sanyi ya kama shi, abincin da ya kamata ya zama nama sai ya tafi wajen ɗumama jiki. Kuma kowa ya san abinci ne ke cin fiye da rabin jarin kiwon kaji. Kenan abin da ka hana mai gawayi, mai abinci za ka kai wa, har da ƙari. Wannan ma idan an yi sa'a ne ba su hau kan juna da dare sun danne na ƙasa ba.

Abin da ake nema a satin farko shi ne zafi tsakanin digiri 32 zuwa 35, a daidai tsayin bayan tsakon, ba a tsayin kanka ba. Duk sati ka rage kamar digiri 3, har zuwa sati na huɗu ko na biyar lokacin da gashi ya rufe su. Daren hunturu a ƙasar Kano kuwa yakan sauko ƙasa da digiri 15, musamman daga ƙarfe biyu zuwa asuba. Wannan tazarar ce kake saye da kuɗinka.

Ni a ganina, babbar ɓarnar ba a yawan wuta take ba, a girman wurin da ake ɗumamawa take. Ɗaki mai ƙafa 12 a 12 yana da faɗin ƙafa 144. Tsaki 100 a satin farko kewaye mai faɗin ƙafa 6 ya ishe su, wato kamar ƙafa 28 kacal, kusan kashi ɗaya cikin biyar na ɗakin. Me zai sa ka biya kuɗin ɗumama sauran kashi huɗun da babu kowa a ciki? Ka sami kwali ko falankin silin, tsayin ƙafa ɗaya da rabi, ka zagaye su. A zagaye fa, ba mai kusurwa ba, don a kusurwa suke cunkushewa. Idan rufin kwano ne, ka ɗaura buhuna a ƙasansa, nesa da wutar, domin zafi sama yake tashi, kwano kuma ya miƙa shi waje. Ƙasan ma haka: siminti da sanyi abokai ne, sai ka zuba ɓuntun shinkafa ko dusar katako mai kaurin inci uku. Duk bayan kwana uku ko huɗu ka ɗan faɗaɗa kewayen.

Sai maganar me za a ƙona. Kananzir dai tuni ya fi ƙarfin ƙaramin mai kiwo, fitilar ƙwai kuma ba ta ɗumama tsaki ɗari. Janareta, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, wanda zai kwana yana kunna shi saboda tsaki 100 to sadaka yake yi. Wutar lantarki tana da kyau in akwai, amma kada ka jingina rayuwarsu a kanta. Masu sola kuma ku lura: farin ƙwan nan maras cin wuta haske yake bayarwa, babu zafi a cikinsa. Wanda ke ba da zafi, mai wat 100, in ya yi awa 12 a kunne ya sha fiye da abin da ƙaramin batirin gida zai ɗauka. Gas ya fi duka sauƙin sarrafawa tunda kana iya ragewa da ƙarawa, sai dai sayen kayan da farko da ɗawainiyar cika tukunya. Ga mai tsaki 50 zuwa 200, gawayi ne dai.

Amma a tukunyar ƙasa, in da hali. Kurfotin ƙarfe yana zafi da sauri ya huce da sauri. Tukunya kuwa ko garwashin ya mutu tana ci gaba da fitar da ɗumi. Ka ɗora ta kan bulo, ka kewaye da raga. Ka hura wutar a waje har hayaƙi ya ƙare ta yi ja, sannan ka shigar. In ka barbaɗa toka kaɗan a kai, ta fi daɗewa.

Kada ka toshe ɗakin ruf da leda don tattalin gawayi. Garwashi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari, tana kashe kaji, tana kashe mutum. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take kaɗowa, to wannan ɓangaren za ka rufe sosai, ka bar kafa a sama ta ɗaya gefen. Kuma don Allah a daina sa yara kwana a ɗakin reno wai suna gadin wuta.

Inda ake samun ragin gaske shi ne lokaci. Bayan kwana uku ko huɗun farko, in rana ta ɗaga sosai, sau da yawa za ka iya fitar da tukunyar har zuwa la'asar. Ni nakan raba gawayin dare gida biyu: kaɗan bayan isha'i, mai yawan kuma wajen ƙarfe biyu. Akasarin mutane akasin haka suke yi, su cika wuta da magariba lokacin da bango ke da sauran zafin rana, su kwanta, asuba ta riski kajin babu komai.

Ma'aunin zafi yana da amfani, amma kajin sun fi shi gaskiya. In sun taru jikin tukunya suna kuka mai ƙarfi, sanyi ne. In sun gudu jikin kwali, baki buɗe, fiffike a sake, zafi ya yi yawa kuma gawayinka ne ke tafiya a banza. In duk sun koma gefe guda, iska ce ke shigowa ta wata kafa, nemo ta. In sun bazu, wasu na ci, wasu na sha, wasu na barci, to kada ka taɓa komai. Da asuba ka ɗauki ɗaya ka sa ƙafarsa a kumatunka. In ka ji ta da sanyi, ƙasan ne bai ɗumu ba, ƙara ɓuntu kafin ka ƙara gawayi.

Wanda tsakinsa ke kan hanya kuma, ya kunna wuta tun ana gobe za su iso. Da yawansu daga Ibadan ake ɗauko su, sun kwana a mota, a gajiye za su sauka. Su tarar da ƙasa mai ɗumi da ruwan sha wanda ba mai sanyin randa ba.